Kujera ta Ƙarshe a Silimar Kure

Ni ke yaga tikiti a ƙofar silima,
bayan tashar jiragen ruwa ta Kure,
shekara goma sha tara ke nan.
Duk Laraba tsoho Kuramoto yakan zo,
ya miƙo sulalla da hannun hagu,
hannun da ƙaramin yatsa ya riga 'yan'uwansa kabari.

A farin bango jarumi na tafe cikin dusar ƙanƙara,
takobi naɗe a ƙyalle, laima bisa kai,
zanen kifi da furanni ya rufe gadon bayansa.
Zai mutu don ubangida.
Sarewa na kuka, mata na share hanci,
tsoho kuwa yana ɓare lemo cikin duhu,
yana dariyar da ba ta wuce maƙogwaro.

Ran nan ruwa ya tsare mu a zaure, ya ce:
"'Yar nan, mu ba mu ga ƙanƙara ba.
Toka muka gani, da kwanon rufi a lanƙwashe,
da kasuwar bayan fage gefen layin dogo,
inda kakin soja ke komawa mudun shinkafa.
Tomekichi, wanda muka dawo daga yaƙi tare,
a kwata ya ƙare,
kan akwati ɗaya na naman gwangwani.
Ba sarewa. Ƙudaje ne suka yi masa zaman makoki.

"Na sha giyar shinkafa a ƙoƙo ɗaya da maigida,
ya kira ni ɗa.
Kowa ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran.
Na yi masa shekara tara a kurkuku,
na fito na tarar da sunansa a jikin motocin siminti,
mai gadinsa na tambayata wa nake nema."

Na ce, to me ke kawo ka?

Ya daɗe yana duban hoton jarumin a bango.
"Ƙaryarsu ta fi gaskiyarmu kyan gani.
A nan kaɗai ake binne mu da wanka."

An kunna fitilu.
Samari na fita da kafaɗu a ɗage,
hannu cikin aljihu, ido a murtuke,
kowa ya ari tafiyar da ba tasa ba.
Shi yakan jira su ƙare.

Laraba uku ke nan ban gan shi ba.
Na share ƙarƙashin kujerarsa,
ba ɓawon lemo.
Gobe za a canza fim.