Alamar Gawayi

Sallau ya dawo daga Ikko da yashi a takalmi,
ya ce teku kan tumbatsa sau biyu kullum,
ya cinye gaɓa, ya ja da baya.
Malama Dije ta ce aikin wata ne:
yana jan ruwa daga sama,
ba guga, ba igiya.

Daren sha huɗu a Tudun Jukun
na yi wa randarmu alama da gawayi,
na zauna gadi har barci ya sace ni.

Da asuba ruwa ya sauka yatsa biyu.
Na ce, wata ya ja!
Kaka ta ɗaga butarta, tana dariya.

Ashe sai ruwa ya kai teku faɗi
kafin jan ya nuna.
Kubanni ma ko gezau.

Duk da haka, in wata ya cika,
nakan leƙa randa.