Daren da Muka Nemo Zuhal a Agege

Hawa uku, sai tankin ruwa da igiyar shanya.
Nan na kafa ta, ƙafa uku a kan siminti:
madubin hangen nesa, na hannu,
na saye shi a Alaba wurin Nduka,
wanda ya rantse bai san aikinta ba,
shi dai ya gan ta a ƙasan kwantena.

Ni da nake farke cikin wayoyi a Ikeja tun safe,
sai ga ƙarfe yana min tambaya da jan rubutu:
Ina kake?
Na ce shida da ɗoriya, Arewa,
uku da ɗoriya, Gabas.
Ashe duk Legas, da gadojinta da hayaniyar danfo,
lamba biyu ce kawai a wurin sama.

Yau nawa ga wata?
Na danna mata. Ta yi gurnani, ta juya wuya
a hankali, kamar raƙumi ya ji ƙanshin rijiya,
ta tsaya cak
tana kallon tankin Baba Rasaki.

Kubura ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa.
Baba, tauraron naka na roba ne!
Shekararta tara, ita ta gano kuskuren:
na sa rana a gidan wata, wata a gidan rana.
Na'urar ba ta yi ƙarya ba,
samaniyar watan jiya ta nuna min.

Muka sake.
Ta ce in nuna mata taurari biyu kafin ta yarda da ni.
Altayir. Fomalhaut.
Sunayen Larabci ne suka sa kwat:
Tsuntsu, da Bakin Kifi.
Na farko na same shi a saman eriya,
na biyu na rantse shi ne, sai ya yi ƙyafce ja da kore,
ya sauka filin jirgi.

Mahaifina ba ya buƙatar batir.
Daga bakin zaure yake ɗaga haɓa ya ce
ga Kaza da 'ya'yanta, shuka ta kusa.
Ni garin da nake ci a cikinsa ya wanke sama da fitilu,
ko ka ƙirga da kyau ba su fi goma sha ba.

Sai aka ɗauke wuta.

Unguwa ta yi ajiyar zuciya.
Kafin janareto su farka ɗaya bayan ɗaya
mun sami minti biyar na duhu, kyauta.
Na danna Zuhal.
Injin ya yi kukan sauro, ya gangara, ya ɗan koma baya,
ya yi shiru.

Na sa ido.
Ƙwayar gero ce, ruwan ɗorawa,
da zare a ƙugunta,
tana rawa kaɗan cikin zafin da kwanon rufi ke fitarwa.
Na kasa magana. Na ja Kubura.
Ta daɗe a sunkuye. Ta ce, wa ya ɗaura mata?

Iya Sikira ta hawo kwashe shanya,
ta leƙa, ta ja da baya, ta leƙa bakin bututun
ko hoto na manna a ciki.
Ta sake leƙawa. Ta manta da zannuwanta.

Can hadari ya taso daga wajen teku,
ya shafe Tsuntsu, ya haɗiye Kifi,
ya rufe mana ƙwayar geron.
Na miƙa hannu zan kashe,
sai na ji injin bai daina ba:
ƙis, ƙis, ƙis,
yana bin abin da ba ma gani
taku ɗaya-ɗaya zuwa yamma.

Kubura ta ce, bar ta tukuna, Baba.
Ita ta san inda yake.
Muka zauna a kan bokiti
har ɗigon farko ya faɗo min a wuya.