Madubi don Dila

Jajayen awakina bakwai ne da damina,
yanzu biyar.
Ta fari, ƙaho da kofato ya bar mini a bakin gulbi,
ta biyu ko gashi bai bari ba.
Dila ne, malamin daji.
Na san sawunsa kamar yadda na san tarin maƙwabcina.

Shekara arba'in ina harbi da ido tsirara,
daga Baban Rafi har fadamun Madarunfa,
amma bana, in rana ta yi ja a kan gawo,
kututture da dabba duk ɗaya suke gare ni.
Ran Laraba suri na harba.
Jikana Laminu ya gani, ya sunkuya,
wai ƙaya yake cirewa.

Sai na hau kabu-kabu zuwa Maradi.
Bayan masu gyaran rediyo, rumfar Abarshi.
Ya shimfiɗa buhu, ya jera uku a kai
kamar mai tallan rake.

"Wannan sau tara yake jawo abu.
Daga nan sai ka karanta lambar motar da ke tasha."
Na ɗora a ido. Bai yi ƙarya ba.
Amma motar na rawa, tashar na rawa,
gari duka na kaɗawa kamar ruwa a bayan jaki.
Na ce, "Madubinka na zazzaɓi."
Ya ce, "Baba, hannunka ne. Shi ma sau tara ya ƙara shi."
Na haɗiye wannan da miyau.

Na biyu na da jan ɗigo mai cin batir.
Na ce, in ya mutu a Sarkin Yamma da almuru,
dila zai jira ni in je kanti?
Yaran rumfa suka kwashe da dariya.

Na uku gajere ne, mai faɗin baki, fenti ya goge a gefe,
sau huɗu kawai,
zare biyu sun gitta a tsakiya, sirara kamar yanar gizo.
Na ce ba na sayen kayan magariba da hantsi.
Na zauna kan benci, na fasa goro, na sha shayi har na uku,
sai da inuwa ta cinye layin mahauta.
Na leƙa ƙarƙashin wani tebur can nesa:
ga kyanwa, ga gashin bakinta, tana lasar ƙafa.
Mai sau tara kuwa duhu ya miƙo mini.
Jika arba'in ya ce. A ashirin da takwas muka rabu,
yana rantsuwa ya faɗi.

Kwana uku ina saita shi kan gwangwanin tumatir,
Laminu na kai da komo:
"Hagu, Kaka! Ƙasa kaɗan!"

Ran Juma'a na kwanta bayan sabara, iska a fuskata.
Ya fito daga karan dawa, kunne a tsaye.
Na ɗora zaren a kafaɗarsa,
sai na ga abin da ido bai taɓa kawo mini ba:
ba shi ba ne, ita ce.
Nonuwa sun sauko, haƙarƙari a ƙirge,
kaska biyu a bayan kunne,
tana lumshe ido don ƙuda
kamar Tabawa in gyangyaɗi ya kama ta kan ɓarzar wake.

Ashe shekara arba'in inuwa nake harbi.
Abarshi ya faɗi kuɗi, ya faɗi nisa,
bai ce mini har da fuska yake jawowa ba.

Yatsana na kan kunama.
Awakina biyar na kuka a bayana,
su ma da nasu 'ya'yan.
Ta shaƙi iska, ta juya, kara ya rufe ta.

Laminu ya ce, "Wannan karon ma ba ka gani ba?"
Na ce, "Na gani."
Gobe mu sari ƙaya, mu ƙara wa garke tsawo.
Madubin na naɗe shi a tsohon rawanina.
In ta dawo jibi,
kada ka tambaye ni tun yau.