Goma a Tsallaken Kogi

A asibitin Wanamant, nan ƙasar Haiti,
aikina cika layuka ne:
suna, unguwa, ranar zuwa, ranar tafiya.
Wata Talata aka liƙa takarda a jikin bango,
ƙasashen yankinmu jere kamar 'yan makaranta,
kowace da shekarun da 'yarta ke sa ran ci a duniya.
Na ɗora yatsa daga sama ina gangarowa.
Kosta Rika, Cile, su ne a kan tsani.
Sai da yatsan ya gaji ya iso gida.

Mu ne a gindi.
Maƙwabtanmu kuwa, da muke raba tsibiri ɗaya da hadari ɗaya,
sun ɗara mu da kusan goma.
Goma! Alhali kogin da ke tsakaninmu
in rani ya yi, akuya ma ba ta ɗaga masa wuya.

Ni na san goman nan, na san kamanninta.
Tagwaye ne, uwata Rozmen da 'yar'uwarta Klodet,
gindin mangwaro ɗaya aka binne cibiyarsu.
Klodet ta bi wani mai gyaran keke ta haye Dahabon,
takardar aure ta zame mata takardar ƙasa.
Rozmen ta zauna da gawayi da wanki,
ta haifi bakwai, ta raka biyu makwanci,
hayaƙin murhu ya riga ta sanin ƙirjinta.

Shekara guda hawan jini ya same su,
kamar ciwon ma ya san tare suka zo.
Can, farar ƙwaya kowace safiya, da kati mai hatimi.
Nan, dafaffen ganye da addu'a,
in kasuwa ta yi daɗi, ƙwayar kwana uku,
ta kuwa raba ta biyu don ta kai shida.

Ran da ta faɗi, kumfa na hannunta.
Babur ya kawo ta, ni ce a bakin rajista.
Na rubuta: hamsin da tara.
Alƙalamin bai ko yi tuntuɓe ba,
har yau ban yafe masa ba.

Juma'a in an buɗe gada nakan je wurin inna Klodet.
Saba'in da ɗaya, tana sayar da ƙwai,
tana yi wa masu baro tsawa da harshe biyu.
Ina kallon yadda uwata za ta tsufa da an bar ta:
ga giɓin, ga furfurar da ta fara daga hagu,
ga yadda take lasar yatsa kafin ta ƙirga kuɗi.
Na ba ta labarin takardar bango.
Ta yi shiru tana goge ƙwai da gefen zane,
can ta ce, ni ban ci na kowa ba, 'yar nan,
amma kullum na haɗiyi ƙwayar nan
sai na ji ta tsaya a nan.
Ta nuna maƙogwaro.

Ta ce kada in ruɗu da lissafi.
Akwai matan da suka haye ba takarda,
suna yankan rake, suna gudun ƙofar asibiti,
a wane layin aka zuba su?
Ban da amsa. Ni cika layi na iya.

Yamma ta yi, ana kora mu koma.
Ga tiren ƙwai a kaina, ga cikin wata bakwai,
likita ta ce mace ce.
Daidai tsakiyar gada, inda fenti ya canza launi,
ta harbe ni da ƙafa.
Na tsaya, soja na busa mini usur,
ina so in gane wane gefe ta nuna.