Kaka Biyu

Ranar da motar kulob ta tsaya a bakin kwalta
gero na bununi, ina cire harƙiya a cikin wake.
Tasi'u ya jingine fartanya jikin ƙirya,
ya ce, "Baba, Shamuwa ta hau rukunin manya,
sun ce in zo."
Na ce, "Allah ya tsare." Ban ɗago kaina ba.

Mai tsaron gida na biyu, haka takardar ta ce.
Na tambayi Hambali mai cajin waya, na biyun me?
Ya ce, "Ka san tayar da ake ɗaurewa bayan mota?"
Na sani. Babu direban da ke barin ta a gida,
amma ban taɓa jin an yi mata kirari ba.

Kowace Lahadi, da an sallame La'asar,
sai gindin tsamiya, rediyo kan turmi a kife.
Mun ci a gida, mun ci a gida, mun yi kunnen doki.
Suka nausa kudu, kwana biyu a mota,
suka dawo da huɗu rataye a wuya.
Mai sharhi ya ce alƙalin wasa ne.
Talle mahauci ya ce yunwa ce.
Sunan ɗana dai bai fito ba.

Kafin in ɗaure dami na sittin an kori koci.
Kafin albasa ta yi kai a fadama an kori na biyu.
Da dare ya kira, muryarsa can ƙasa:
"Wata huɗu muke bi, Baba."
Na kai buhun riɗi kasuwar Gujungu,
manomi ya aika wa ƙwararren ɗan wasa kuɗin sabulu.
Ban faɗa wa uwarsa ba.

Wasa talatin da bakwai yana kan benci.
Benci ma da baki gare shi, da ya ce masa sannu.
Yara suna tsokanata a hanyar masallaci:
"Baba Lawandi, yau ma ya kama iska?"
Nakan ce, rumbu ma zaune yake,
bai taɓa barin gida da yunwa ba.

Wasan ƙarshe, shamuwar gaske ta sauka kan kuka,
hadari ya haɗo daga gabas, rediyo na ƙarar tsaki.
Saura minti goma sha tara, ga jan kati,
gola na fari ya fita, ga bugun daga kai sai mai tsaron gida.
Na ji mai sharhi yana juya takarda:
"Lamba talatin... Tasi'u... Tasi'u Garin Baushe."
Walƙiya ta cinye maganar.
Shuuu.
Hambali ya ɗaga rediyon sama kamar mai roƙon ruwa.
"Ya kaɗe! Ya kaɗe ta!"
Talle ya rungume ni da jinin akuya a riga,
ban ce masa ya sake ni ba.

Ɗaya da nema muka tashi.
Sai aka ce a jira, akwai wani wasa a wani gari.
Wasu mutanen da ban san fuskarsu ba
suka zura ƙwallo a ragar da ban taɓa gani ba,
Shamuwa ta faɗo.
Maki ɗaya muke da su, ƙwallo guda ta raba.
Har yau lissafin bai shige ni ba.

Ya dawo ran Laraba a bayan a-kori-kura,
jaka ɗaya, safar hannu ta yage a babban yatsa.
Da dare aka yi ruwan shuka.
Da asuba yana gaba da sungumi, yana sara,
ina biye, ina jefa iri, ina rufewa da diddige.
Ya waiwayo: "Baba, ka ji ta a rediyo?"
Na ce, "Layinka ya karkace."
Ya yi dariya. Bai gyara ba.