Fegi na Bakwai

Mun je awon fili a gindin Kufena,
ni da Injiniya Shu'aibu da igiya mai mita hamsin.
Wuta ta ci dajin, yau kwana goma,
ƙasa ta yi baƙi ƙirin, toka na bin sawunmu,
ba sauran kore ko na rantsuwa,
sai kututturen kalgo da ya ƙi faɗuwa.

Na sunkuya zan kafa fegi na bakwai,
sai ga shi dab da bakin takalmina:
fure ɗaya zaune a kan toka,
ba reshe, ba ganye, ba uwar da ta goya shi,
kamar wata ta wuce da sauri
ɗan kunnenta ya faɗi ba ta sani ba.

Na ƙirga kunnuwansa, biyar cif.
Faɗinsa ya kai tafin hannun autata.
Cikinsa cike da siraran zare,
wata ƙudan zuma ta nutse a ciki har wuya,
ba ruwanta da mu, ba ruwanta da awo.

Na ce ko tafasa ce?
Ina! Tafasa 'yar damina ce,
ba ta fita unguwa sai da ganyenta.
Rai-ɗore a bayan gida yake tsayuwa,
furensa bai kai rabin wannan ba.
Na kuɓewa yana da jan ido a tsakiya.
Marga kuwa daga sama take zubo nata,
wannan daga ƙasa ya ɓullo.

Injiniya ya ɗauke shi hoto.
Waya ta yi juyi, ta yi juyi,
ta kawo wani suna mai tsawon layin mai,
muka karanta, harshe ya sarƙe,
muka tashi ba mu san fiye da dā ba.

Iya Marka ce ta sauke mana nauyin.
Ta fito ta hanyar Wusasa da ɗaurin itace,
ta tsaya tana kallon manya biyu
sun durƙusa wa fure kamar masu neman gafara.
Ta ce, ba ni fegin nan.
Ta tona, ta tona, ta ciro saiwa
mai kaurin ɗanyen rogo,
ta karya ta a gwiwa,
ta goga mini a bayan hannu.

Ta ce, wane launi ka gani?
Na ce, ruwan rawaya.
Ta ce, to ka faɗi sunanta da bakinka,
me kuma kake tambayar waya?

Rawaya.
Shekara arba'in da ɗaya ina kiran sunan nan.
Na kira shi a shagon fenti a Sabon Gari,
na kira shi a kan hular sallar ɗana,
na yi ihunsa a gidan kallon ƙwallo
ranar da alƙali ya ɗaga kati.
Ashe aro nake yi,
mai kayan tana nan kwance ƙarƙashin toka,
tana jiran wuta ta wuce ta fito.

Iya ta ce da ita kakarta ke rina zare,
da ita suke jiƙo in shawara ta kama yaro.
Ta ƙulle saiwar a bakin zane,
ta ce, ganyen sai ruwa ya sauka,
in kun dawo lokacin ba za ku gane ta ba.
Sai ta dubi fegunan da muka jera,
ba ta ƙara cewa komai ba.
Na taya ta ɗaukar itacen.

Injiniya ya ce rana na yi.
Takarda ta ce nan ne kusurwar fili,
nan za a zuba harsashin katanga.
Na kafa fegin a ramin da Iya ta tona,
ƙasar ta yi laushi, bugu biyu ya shige.

Da daddare a Tudun Jukun
na wanke hannu da sabulu har sau uku.
Autata ta kama hannun tana juyawa,
ta ce, Baba, me ya taɓa ka?
Na ce, zauna in gaya miki sunanta.