Safar Hagu

Koci Dalyop ya miƙo mini takarda,
rubutun biro, abu bakwai a jere.
Ya ce, "Barira, takobi shi ne na ƙarshe,
fara da abin da zai hana ki hujewa."

Na ninke ta na cusa a jakar ofis,
tsakanin rasit da ragowar gyaɗa.
Albashi ya faɗo ran Laraba,
Asabar da hantsi ina cikin motar Kubwa,
Wuse na nufa, ina ta ƙirgawa.

A layin masu kayan ƙwallo
na ce hular wasan takobi nake nema.
Oga Uzoma ya dube ni sama da ƙasa,
ya shige ciki, ya fito da hular kwano,
ja, irin ta 'yan acaɓa.
"Wannan ko tirela ba ta fasawa."
Na ce takobin ba ƙeya yake hari ba,
ta ido yake neman shigewa.
Maƙwabcinsa ya kawo ragar masu ɗiban zuma.
Na sayi doguwar safa fara guda biyu,
don kar in koma gida hannu rabbana.

Sabuwa daga waje, da dala aka faɗa mini.
Na buga lissafi, na goge, na sake bugawa:
hayar ɗakina ce ta wata huɗu.
Na kife waya, na sha garin kwaki na kwanta.

Sai Koci ya ce in je Gwarimpa.
Akwai wata Nanret, gwiwa ta ci amanarta,
kayanta na ƙarƙashin gado suna tsufa.

Ta zazzage jakar a tsakar falo,
warin kafur da tsohon gumi ya tashi.
Ta ce, "Danna ragar hular da babban yatsa,
in ta lotsa, ko kyauta ce kar ki karɓa."
Na danna har farcena ya yi fari.
Ba ta lotsa ba.
Ɗankwalina ya shige ciki lafiya lau,
na ga duniya ta ƙananan ramuka
kamar wadda ke leƙe ta cikin rariya.

Ga riga mai kauri kamar buhun siminti,
wando iya gwiwa, farantin ƙirji mai sanyi.
Ga wata rabin riga mai hannu ɗaya,
na ce wannan tela bai gama ba ne?
Ba ta yi dariya ba.
"Ita kowa ke rainawa.
Ran da ƙarfe ya karye a hammatarki,
ita kaɗai za ki tarar a tsaye."

Sai ta yi jim, ta riƙe safar hannu.
"Matsala ɗaya ce, gara in faɗa miki.
Shekara biyu ba wanda ya taya,
don ni bahaguwa ce.
Zif ɗin rigar ma ta can yake rufewa."

Na yi shiru.
Na ji muciyar Goggo a bayan hannuna
a bakin kwanon tuwo,
na ji rular Malam Tanimu a aji biyu.
Shekara talatin ina ɓoye hannun nan
kamar abin da na sato a kasuwa,
da shi nake saƙa allura in ba mai kallo.

Na miƙa mata shi.
Safar ta zauna ɗas, yatsa bayan yatsa,
har lotsin da nata yatsan ya bari
nawa ya samu ya kwanta.

Muka shirya biya uku, ba rubutu.
Takobi kuwa, na aro ma yana sara,
na Koci zan riƙa har bayan salla.

A hanyar Kubwa motoci sun cushe.
Kwandasta ya ce jakar sai na biya mata kujera,
na ɗora ta a cinya, na ce 'yata ce.
Na ba shi kuɗinsa da dama, yadda aka koya mini.
Hagun na cikin jaka, ba wanda ya gani,
sanye da safarsa,
yana buɗewa, yana dunƙulewa.